Jama'ar da Ke Kewaye da Mutum-mutumi

Duk makarantar da ƙungiyarta ta kimiyya da fasaha (JETS) ta ɗaura niyyar shiga gasar haɗa mutum-mutumi, daga Shinaka har Wurno da Rabah, kayan aiki ne kawai ke bambanta. Mutanen iri ɗaya ne.

Na farko shi ne Injiniya Mai Zane. Tun da ya ji labarin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, littafinsa na lissafi ya koma na zane. Ƙa'idar gasa ta ce a haɗa ɗan abu mai bin baƙin layi a kan farin daɓe. Shi kuwa sai ga shi da na'ura mai hannu shida: biyu na cire albasa a fadamar Goronyo, biyu na ɗurawa a buhu, ɗaya na korar tsuntsaye a gonar shinkafa, na shidan kuma na ko-ta-kwana. Ka buɗe masa kwali ya ga abin da ake da shi, allon Arduino guda, ƙananan injinan juya taya biyu da batir mai bolt 9, sai ya dube ka da tausayi. "Malam, wanga ai wasan yara na. Mu da munka yi niyyar Amurka?" Ya ji an fara gasar FIRST Global a Washinton a 2017, har ya tambayo kuɗin fasfo. Ya raɗa wa na'urar suna, ya zaɓi fenti, ya zana tambari. Inda batir zai zauna ne kawai bai tuna ba.

Sai Sarkin Gam. Taya ta kwance, gam. Waya ta tsinke, salatif. Ranar canjin batir sai an aro wuƙa.

Mai Kwance-kwance kuwa, babu tocila mai rai a gidansu, rediyon tsoho ma ɓoye ta ake yi. In ya mayar da abu, sai an ga ragowar sukurori.

Mai Kwafe ya ɗauko umarnin kwamfuta daga YouTube bai karanta ba. Mutum-mutumi na ta juyi wuri guda, shi yana rantsuwa a bidiyon ya yi tafiya.

Da-ma-na-faɗa bai taɓa faɗin komai ba sai hayaƙi ya tashi.

Akwai yarinyar da ba ta cika magana ba. Ana ta musu, ita ta lura hasken rana daga taga ne ke ruɗa idanun na'urar, ta yanko kwalin sukari ta yi musu rumfa, aiki ya tashi. Gefenta ga malami yana ta nanata cewa aikin na yara ne, alhali tun safe bai saki sukundireba ba. Wannan na san shi sosai, amana ce ta hana ni faɗin sunansa.

Duk waɗannan nawa ne. Wanda ba na yafe wa shi ne babban da ya ga ranar gasa ta matso, ya kai kuɗi birni aka haɗo masa na'ura, ya ba yara bayani su haddace. Alƙali ya tambayi aikin waya ɗaya, yaro ya tsaya yana zufa, shi kuma yana gyara hula don hoto. Gara na'urar Sarkin Gam ta watse a tsakiyar fili, ko banza masu ita sun san abin da ya watse. Yaran da aka saya wa kofi abu guda suka koya, cewa ana iya sayen yabo, kuma ba don wannan iyayensu suka tura su makaranta ba.