Shawarwari Ga Angon Babbar Waya

Tun daga nesa ake gane wanda ya rabu da 'yar Nokia mai tocila ya sayi babbar waya. Da hannu biyu yake riƙe ta, yana goge fuskarta da bakin riga, ledar kamfani kuwa tana nan manne har ta fara naɗewa a gefe. Idan kira ya shigo sai ya danna kore da ƙarfinsa, wayar ta ci gaba da ruri. To, angon waya ya sassauta hannu: ita wannan shafa take so, kuma ɗumin yatsa ba ya cikin lissafi, lantarkin jikin mutum take ji, shi ya sa ba ta kula farce ko tsinke.

Kada ya ɓata bakinsa a majalisa kan ko Tecno ta fi Infinix. Su biyun da Itel duk na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Haka ma zancen cajin awa takwas kafin a kunna, daga tsoffin batura aka gaje shi. Batirin lithium na yanzu, da ya cika sai a zare.

Wurin da ya kamata ya nutsu shi ne kan bencin yaron shago, a Farm Centre ta Kano ne ko a wata kasuwar. Yaron zai buɗe masa Gmail cikin minti biyu, ya ƙirƙiri lambar sirri daga kansa, ya ce "Alhaji, an gama." Alhaji kuwa hankalinsa na kan kyamara. Ranar da aka yi wa wayar filashin, Android za ta nemi wannan adireshin da lambar sirrinsa kafin ta buɗe, a lokacin yaron ma ya manta. Saboda haka ya tsaya a rubuta masa a takarda, in ya isa gida ya canza ta. Shekarar haihuwarsa da 1234 ba sa cikin abin da ake kira sirri.

Daga nan ya danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito. Ya kwafe ta, ya adana tare da rasit da kwalin, kada yara su mayar da kwalin mota. Layin ma ya sa masa PIN, domin mai ƙwacen waya kan zare layin ya sa a wata wayar ya nemi asusun banki. Sai dai ya kiyaye, kuskure uku a jere layin zai kulle, sai da PUK.

Sannan WhatsApp. Kafin dangi su jefa shi a guruf ɗin gida da na 'yan ajinsu na firamare, ya shiga saiti ya hana bidiyo sauka da kansa. In ba haka ba, gaisuwar barka da Juma'a kaɗai ta isa ta cinye masa datar wata.

Ya kuma ƙara Hausa a allon rubutu na Gboard, ya samu ƙ da ɗ da ɓ, don kada ya rubuta wa surukinsa cewa ya bar saƙo a kofa alhali ƙofa yake nufi. Bayan wannan ya ɗaga ledar nan, a manna gilashin kariya, ya gyara zaman hula, a ɗauki hoto.