Wasiƙa Daga Taksas a Kan Mas'alar Jak

Hiyustan, Jihar Taksas, Amurka.

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Saƙonka ya iske ni. Maganar fili ku bi shawarar Kawu, kuɗin makarantar Auta suna tafe ƙarshen wata, an mayar da ni aikin rana, tarin nan ya sake ni, kuma na sayi mota, akori-kura ƙirar Ford F-150, ta hannu ce amma lafiyayya, wadda in da za ta shigo layinmu na Funtuwa, da sai an rushe dakalin Kawu kafin ta juya. Wannan mota ita ta jefa ni cikin wata mas'ala da ya wajaba in shimfiɗa maka, tun da kai ne bakaniken gidanmu, ko da yake har yau ba wanda ya taɓa ganin takardar shaidarka.

Ka sani, Yaya, mutanen ƙasar nan, waɗanda ke iya ɗaura aure cikin rabin sa'a a gaban alƙali, ba waliyyi ba goro, idan aka zo sayen jak sai su natsu, su shiga bincike irin wanda Gwaggo ta yi kafin ta yarda a kai kuɗin gaisuwar matarka: a tambayi asali, a tambayi ƙarfi da juriya, a nemi shaidar waɗanda suka taɓa zama da shi. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga matatar mai, da ya ji zan leƙa kanti in sayi jak ni kaɗai ba tare da shawara ba, sai ya yar da tiyon ban ruwan da ke hannunsa, ya kama ni ya kai ni garejinsa, inda na iske jak biyar a jere, kowanne da gurbinsa da tsumman goge shi, har akwai wanda ya gada daga mahaifinsa, wanda ba ya ambatonsa sai ya sassauta murya. Ina kyautata zaton in gobara ta tashi, su zai fara fitarwa, sa'an nan ya koma ya tambayi lafiyar uwargida.

A nan ya zaunar da ni ya buɗe karatu, babi babi. Na farko shi ne mai almakashi, wanda yakan zo a but ɗin ƙananan motoci, ana murɗa shi da hannu, kuma iyakar aikinsa canza taya a bakin hanya. Na biyu mai siffar kwalba, wanda mai ke tura sandarsa sama. Ƙarfinsa ya fi girmansa nesa, shi ya sa direbobin manyan motoci ke ƙaunarsa, sai dai gindinsa tsukakke ne, kuma tsawonsa yakan hana shi shiga ƙarƙashin mota mai ƙasa-ƙasa. Na uku mai tayoyi da dogon hannu, sarkin gareji, wanda ba ya son komai sai daɓen siminti mai santsi. Na huɗu dogon jak na manoma, Hi-Lift, da ake ƙerawa a garin Bulumfil na Jihar Indiyana tun 1905, mai fid da mota daga taɓo, amma in aka yi sakaci da hannunsa yakan dawo ya gaisa da haɓar mutum. Dattijon bai tsaya nan ba, sai da ya kawo mini isnadi: cewa wani masani Bafaranshe, Pascal, shi ya bayyana tun ƙarni na 17 yadda matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen mazubi ke isa ko'ina daidai, kuma wani maƙeri, Richard Dudgeon, ya yi rajistar jak mai aiki da wannan hikima a Niyok a 1851. La'asar ta kusa kuɓuce mini kafin a shafa.

Sharuɗɗan zaɓe kuwa, wallahi suna da hujja. A karanta nauyin mota a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, a nemi jak da zai ɗauki aƙalla kashi uku cikin huɗu na nauyin, a kuma tuna tan ɗinsu laba 2,000 ne, wato kilo 907, bai cika namu ba. A auna daga ƙasa zuwa shasi, domin jak gajere zai miƙe iyakar miƙewarsa alhali taya tana zaune daram. A duba littafin mota a ga gurbin da aka tanada, kada a kafa shi a kwanon jiki ya lotsa. A sa katako mai kauri a ƙarƙashinsa, saboda zafin Taksas yakan tausasa kwalta har ƙarfe ya nutse. Bisa wannan fatawa na sayi mai tayoyi na tan 3 don gida, da mai kwalba da ke kwana a mota.

Daga baya na gane dalilin wannan tsanani. Kai ka san in Fijon Kawu ta yi faci tsakanin Funtuwa da Gusau, kafin ƙura ta lafa mutum goma sun ɓullo daga gonaki, takwas injiniyoyi ne, ɗaya ya ɗauko dutsen waigi, ɗaya yana ba da labarin facin da ya gani bara. In jak ya ƙi, a yi salati a ɗaga motar da hannu, mai fura ta iso, a rabu an zama dangi. A nan kuwa akwai titin da a wani wuri layukansa sun haura ashirin, mota dubu za ta wuce ka ba wanda zai rage gudu, ba don mugunta ba, sai don sun riga sun sallama wannan aiki ga ƙungiyoyi irin su AAA, inda mutum ke biyan kuɗin shekara domin a zo masa in ya lalace. Ran Asabar nakan bi layinmu in ga ƙofofin gareji a buɗe, kowane magidanci kwance ƙarƙashin motarsa shi kaɗai, ƙafafu a waje, ba mai miƙo masa sifana, ba mai yi masa gardama. A irin wannan lokaci, Yaya, da za a ba ni zaɓi tsakanin jak biyar ɗin dattijon da hayaniyar rumfarka ta yini guda, ba zan yi istihara ba.

Amma akwai abu ɗaya da suka fi mu gaskiya a kansa, kuma dominsa na ɗauki alƙalami. Ijma'insu ne cewa aikin jak ɗagawa ne, riƙewa kuwa aikin wasu ƙafafun ƙarfe ne masu haƙora da ake kafawa ƙarƙashin shasi, domin dukan nauyin da jak mai mai ke ɗauke da shi ya dogara ne ga wani ɗan zoben roba, wanda ran da zai saki ba ya sallama. Na san ka, na san bulon simintin nan biyu da kake jingina motocin mutane a kai tun zamanin Shagari kana shigewa ƙarƙashi kana waƙa, alhali bulo yakan ruguje farat ɗaya. Tawakkali bai hana riƙo da sababi ba, kuma 'ya'yanka bakwai ba su da safaya. Ka ja hambirki, ka sa waigi, ka sassauta notuna tun taya tana ƙasa, ka ɗaga motar da jak, ka sauke ta a kan ƙafafun, ka girgiza ta da ƙarfi, sa'an nan ka shiga.

Na ba Alhajin da ka sani ƙafafun guda biyu, na tan 6, zai taho da su cikin kayansa na jirgin ruwa. In labari ya zo mini cewa Inna ta ɗora tukunyar dambu a kansu, ko Kawu ya mai da su kujerar alwala, zan kai ƙara gaban Gwaggo. A aiko mini da yaji da daddawa. Kilishi kuwa kada ku wahala, 'yan kwastan ɗin nan ba sa barin nama ya shigo. Ka gai da Inna, ka ce ina cin abinci. Ka gai da yaran rumfa ɗaya ɗaya, har da mai satar mini sifana.

Wassalam.

Ni ne ƙaninka mai begenku.