Tauhidin 'Yan Sande Sukul

Duk mai son jin wa'azin da ba a yi shi a kan bagadi ba, ya bi bayan yara ranar Lahadi in an tashi daga sujada. Ko a ECWA ne, ko COCIN, ko tsohuwar majami'ar Wusasa da ke Zariya, 'yan Sande Sukul suna da nasu tauhidin. Ba a makarantar fastoci ta Bukuru ko Kagoro suka karanto shi ba. A wurinmu manya suka kwasa, kyauta.

A fara da baiko. Uwa ta damƙa wa ɗanta naira 50, ta ce ta Allah ce. Yaro ya jefa a kwano, ya kafa ido ya ga yadda za a kai saƙon sama. Sai ga dattawa biyu sun ɗauki kwanon, sun shige ɗakin baya, sun turo ƙofa.

"Mama, ashe Allah a ɗakin baya yake zama?"

Kafin uwar ta samo amsa, ƙanwarsa ta ƙara haske: "Har canji yake bayarwa. Na ga Kawu ya sa ɗari biyar ya ɗauki ɗari huɗu."

Malama ta koya musu cewa in za a yi addu'a rufe ido ake yi. Shi ya sa wata yarinya ta tare Baba Fasto a bakin ƙofa, gaban jama'a, don ta yabi mahaifinta: "Babana ya fi kowa ibada. Tun da kuka fara wa'azi yake addu'a, har da minshari." Uban, wanda shi ne ma'ajin kwamitin gini, ya tuna nan take cewa ya bar babur a rana.

Sai ranar Jibin Ubangiji. Satin da ya wuce aka ba su labarin yadda Yesu ya ciyar da mutum 5,000 da gurasa 5 da kifi 2, har aka kwashe ragowa kwando 12. Wani ɗan shekara shida ya leƙo ta taga, ya ga ana raba ɗan gutsuren burodi da ƙoƙon da bai fi murfin kwalba ba. Ya koma ya kai wa abokansa rahoto: abincin bai auku ba, kifin kuma Zumuntar Mata sun ɓoye shi sai an yi baƙi.

Kirsimeti kuwa yara sun daɗe da gane masu muhimmanci a cikinta: tela, mai kitso da mai kaji. Da Malama ta tambayi abin da masana daga gabas suka kawo wa jariri a Baitalami, ba wanda ya tuna zinariya da lubban da mur. Aji ya amsa baki ɗaya: "Shinkafa, kaza da atamfa!" Wata ta ɗaga hannu tana son sanin dalilin da ya sa mai ranar haihuwar shi kaɗai ba a yi wa ɗinki ba.

Amma wanda ya ɓaro aiki shi ne mai ƙoƙarin lissafi. Ya ji cewa an ce wa Bitrus ya yafe wa ɗan'uwansa bakwai har sau saba'in. Ya zauna da fensir, ya samu 490. Ya tarar da uwarsa tana ɗaura ɗankwalin Zumunta, ya ce, "Mama, maƙwabciyarmu da kuka daina gaisawa tun bara, ta cinye nata 490 ɗin ne, ko da saura?"

Amsar da ya samu ita ce wadda kowane yaro ya sani: "Rufe mana baki! Wa ya koya maka yi wa manya tambaya?"

Maganar ta kai gaban dattawa. Bayan doguwar muhawara da kwalaben lemo, an gano bakin zaren: Malamar Sande Sukul ce take koya wa yara darasi fiye da kima. An kafa kwamiti zai duba lamarin, kuma Kawu mai karɓar canji ne shugaba.