Raƙumina Mai Tozo Biyu

Zumar Kawu ce ta ja mini. Na ɗauko kwalba guda daga Gwandu zuwa ɗakin gwaje-gwaje a Kalgo, don aikina na kammala digiri. Abin da zan auna shi ne HMF, sinadarin da ke ƙaruwa idan zuma ta sha wuta ko ta daɗe a ajiye. Ƙa'idar duniya miligiram 40 ce a kilo, amma an ɗaga wa zumar ƙasashe masu zafi zuwa 80.

Na'urar, HPLC, tana tura ruwa ta cikin wani siririn bututu mai cike da gari. Sinadarai su shiga tare, su fito ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zana tsininsa a kwamfuta. Takarda ta ce a narka giram 10 na zuma a cika mililita 50 da ruwa. Ni kuwa na ga wannan cin mutuncin zumar Kawu ne. Na ɗan yayyafa mata ruwa, na danna a sirinji da kyar, na tura.

Maimakon tsini ɗaya, sai ga tozo biyu da jela tana ja. Raƙuman ƙasarmu tozo ɗaya gare su, nawa biyu! Na sake turawa, siffar ta canza. Nan take na yanke cewa na gano sabon sinadari, mai rai ma. Na kira Inna. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka, Kawu ya ƙara kuɗin kwalba, wata gwaggo har ta aiko a tambaya ko yana maganin sanyin ƙashi.

Malamin da ke kula da na'urar ya leƙa, ya ɗaga kwalbata ya kifa. Zumar ta tsaya tana shawara kafin ta gangaro.

"Ɗalibi, mi ka zuba wa injin nan? Alewa?"

Ya ce kauri ne kawai. Ruwan da ke turawa ya fi samfurin tsinkewa, don haka ba ya ture shi gaba ɗaya. Huda shi yake yi kamar yatsu, wani sashe ya riga wani fita. Saffman da Taylor sun yi bayaninsa a Ingila tun 1958. Malamin ya tsinka zumar yadda takarda ta ce, ya tace. Tsini ɗaya ya miƙe, siriri kamar hasumiya. Yinin ranar wankin bututu na yi.

Da dare na kira Inna ina kame-kame da sunayen Turawa.

"Kai, dakata," ta ce. "In ka tsuga ruwa cikin kunu mai kauri ba ka dama ba, ai hanya yake yi ya wuce. Wannan ne aka biya maka kuɗin makaranta ka gano?"

Kawu dai har yau bai rage kuɗin ba. Ya ce zumar da ta rikita injin Turawa ba ta talaka ba ce.