Yadda Za Ku Fito da Rigar Ƙwallo Mai Kare Muhalli Kafin Ranar Difens

Ƙannena 'yan ajin ƙarshe a sashen zane da tsara tufafi, ba zan ɓata muku lokaci da zancen zaɓen suna da zana tambari ba. Wannan a dare ɗaya ake gama shi a waya, kuma na san rabinku ganye za ku zana, sauran rabin ɗigon ruwa. Ni ma kayan wasanni marasa cutar da muhalli na yi a furojet ɗina na zangon da ya wuce, har yanzu gajiyar ba ta sake ni ba. Ga abin da nake so ku sani tun malami bai sa hannu ba.

Na farko, ku ga yadin da idonku kafin ku rubuta babi na ɗaya. A takarda komai daɗi ne da shi. Za ku rubuta cewa kamfanin Patagonia ya fara yin rigar sanyi da gorunan roba tun 1993, kuma a gasar cin kofin duniya ta 2010 Nike ta ɗinka wa Brazil da Holan jesi da irin wannan zaren, gora har takwas a riga ɗaya. Duk gaskiya ne. Sai ku rataya jaka ku shiga Kantin Kwari, ku ce yadin foliyesta kuke nema wanda aka yi da tsofaffin goruna. Mai shago zai sauko muku da bandir uku, ya ce, "Samari, ni dai daga Sin ake kawo min, ban taɓa tambayar asalin zaren ba." Kuma bai ɓoye muku komai ba. Ko kun murza, ko kun shinshina, ko kun ɗaga wa rana, ba za ku bambance shi da sabo ba, don sinadarinsu ɗaya ne. Takardar shaida kaɗai ke raba su, ita kuma ba ta biyo bandir zuwa shago.

Na biyu, a nan ne wani a cikinku zai ce, "To mu tara gorunan da kanmu." Ɗan'uwa, gorar da ka gani a yashe tana da masu ita. Mai zoɓo na jiran ta, mai kunun aya na jiran ta, mai man gyaɗa ma haka, ga ɗan jari bola da buhunsa tun asuba. A ce ma kun tara buhu goma. Sai an cire marfi da takardar jiki, an wanke, an niƙe, an narke, an turo narkakkiyar robar ta ƙananan huji ta fito zare, sannan a saƙa. A cikin injinan nan wanne ne ke ɗakin aikinku? Kuma don Allah, idan aka zo gabatar da shawara, a samu mai gaya wa mutumin nan na kujerar baya cewa ledar fiya wata ba irin robar gora ba ce, ba ta ba da wannan zaren. Kowace shekara sai ya ɗaga hannu ya kawo ta.

Abin da ke ci min rai ke nan. Muna zaune a ƙasar auduga. Funtuwa, Malumfashi, Gusau, duk da gurzar auduga aka san su. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wasu suka biyo baya, dubban magidanta suka ci abinci a wurin. A 2002 ta rufe, a 2007 babbar masaƙar UNTL ma ta dakatar da aiki. Yau jikan ma'aikacin masaƙa, idan yana son yadi biyar kacal na gwaji, sai ya tura dala Guangzhou, a ɗoro masa a jirgin sama, man da jirgin ya ƙona ya cinye duk kare muhallin da yake taƙama da shi. Sannan a tambaye shi me ya sa bai yi amfani da kayan gida ba. Ina kayan gidan? Wa ya bar su suka mutu? Ba wannan yaron ba ne dai.

Na uku, marina. Duk za ku so zuwa Ƙofar Mata, kuma ku je, karofin da ake danganta kafuwarsa da 1498 ya cancanci a gan shi. Amma baba ba ya kama foliyesta. Za a tsoma, a fitar, a sake tsomawa, wankin farko ya koma gidan jiya, domin rinin foliyesta daban ne kuma yana son zafin da ya kai digiri 130. Auduga ita ce ke shan shuni, sai dai tana shan gumi ma, ta riƙe. Ku sa wa ɗan gaba rigar auduga a watan Afrilu a Kano ku gani, kafin hutun rabin lokaci ta manne masa a baya, ta yi nauyi, wuyansa ya yi shuɗi. Ku bar audugar ga rigar bayan wasa, da hula, da jakar takalmi.

Na huɗu, tela. Ku nemi mai ɗinka wa makarantu kayan motsa jiki, mai keken wibin da allurar yadin roba, domin gwanin kaftani zai yi muku ɗinki mai kyau, ɗan wasa ya ɗaga hannu sau ɗaya hammata ta yage. Ku kuma duba kalanda. In difens ɗinku ya faɗo kusa da Sallah, to ba ni da shawara. "Gobe in Allah ya yarda" za ku yi ta sha, kuna kallon yadinku an yi matashin kai da shi a ƙarƙashin tebur, shaddodin mutane sun danne shi.

Na manta ta nawa muke, amma wannan ita ce mai muhimmancin: gwanjo. Ku je Ƙofar Wambai ranar da ake fasa dila. Bayan an tsince masu kyau, akwai tarin jesi a ƙasa, wannan lambarta ta ɓare, waccan ta huje a kafaɗa, ba mai taya su. Yadin nan lafiyayye ne, an riga an ƙona man yin sa, an riga an hayo teku da shi, bola kawai ta rage masa. A kasuwar Kantamanto ta Akara, ƙiyasin ƙungiyar Or Foundation shi ne tufafi miliyan 15 ke shiga duk mako, kusan kashi 40 cikin ɗari su zama shara. Rahoton gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 kuma ya ce abin da ake mayarwa sabuwar tufa daga tsohuwa bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Ku saya da arha, ku wanke, ku farke, ku haɗa launi da launi. Kada ku manta da 'yan mata. Tun 2014 aka halatta rufe kai a ƙwallon ƙafa, a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya da hijabi, amma ƙanwarku har yau da allura take maƙale gyale ta shiga fili. Hijabin wasa mara nauyi da doguwar riga mai shan iska, ga masu saya nan a cikin makarantarku.

Saura talla. Kun ɗora hoto a Instagram, abokai ɗari sun zuba alamar wuta, kowa na cewa "ajiye min ɗaya." Kyauta yake nufi. Wanda ya tambayi kuɗi kuma zai ce ai da rabin haka zai sayi ta Arsenal a bakin titi, har da sunan Saka a baya. Kada ku yi faɗa da shi. Ku je filin unguwa bayan la'asar, ku ba ƙungiya ɗaya ta buga da rigunan, ku ɗauki hoton bayan an tashi, da ƙura da gumi, ɗinki bai motsa ba. A jikin rigar ku rubuta gaskiya: yadin gwanjo ne, zaren ɗinki da robar ƙugu sababbi ne, kuma duk wanki yana zubar da ƙananan zaruruwan roba a ruwa kamar kowace foliyesta. Manyan kamfanoni sun cika duniya da koren ganye a kwali, ku kada ku ƙara mana.

Na ƙarshe, ko na kusa da ƙarshe: ku ɗinka guda ɗaya babba sosai, ku ɓoye ta a ƙasan jaka inda abokai ba za su gani ba. Ranar difens, bayan an gama faɗa a kan faɗin gefen takarda da launin bango, mai jarrabawa na waje zai ɗaga rigar, ya ja ta hagu, ya ja ta dama, ya tambaya ko akwai daidai shi.