Ni da Bishiyoyin Teksas

Mutanen Teksas ba sa wasa da kifin bas. A 1989 majalisar jiharsu ta zauna takanas ta naɗa bas ɗin kogin Gwadalupe sarautar kifin jiha. Ɗan ƙaramin kifi ne, da wuya ya kai kilo ɗaya da rabi, shi ya sa ake kama shi da kaya marasa nauyi: siririyar sandar fatsa, zaren da nauyin kilo biyu ke tsinkawa, da ɗan kifin roba mai ƙugiya wanda bai wuce giram uku ba. Na ce wa uwargida ta tanadi tattasai da albasa, na nufi kanti.

Mai kantin ya tambaye ni inda zan yi fatsar. Na ga wannan shisshigi ne, na ce masa a ruwa. Sanduna ne jere, daga ƙafa biyar zuwa bakwai, kuma kuɗinsu ɗaya. To wane mai hankali ne zai biya kuɗin ƙafa bakwai ya tafi da biyar? Na zari mafi tsawo.

Wurin da na sauka a bakin kogin matsattse ne, bishiyoyi sun yi masa rumfa. Na gyara tsayuwa, na yi bisimilla, na wurga. Kifin robar bai ga ruwa ba, yana can saman reshe yana lilo. Na sake ɗaura wani, shi kuma ya cafki hulata ya kai ta tsakiyar kogi. Kafin azahar bishiyar nan ta sha ado kamar amarya, duka da kuɗina.

Wani dattijon Bature da ke gefe, riƙe da 'yar sanda mai ƙafa biyar, yana ta zaro kifi. Ba ya ko ɗaga hannu, sai ya karkata wuyan hannu kaɗan, abin ya sulale ƙarƙashin rassa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, nan wurin gajeriya ne. Doguwa ta fili ce, inda ake son jifa mai nisa." Na yi masa godiya, amma har yau ina ganin laifin wanda ya bar bishiyoyin nan ba sassabe ne.

Na koma na sayo gajeriya. Tun da hular da na rasa ta sa na tsani kogin, sai na wuce tafkin Travis kusa da Ostin, fili fetal ba ko inuwa. Kifaye suna ta tsalle can nesa, ni kuwa duk jifar da na yi sai ta faɗi a rabin hanya. Can Allah ya kawo wani mai tsautsayi ya haɗiye ƙugiya. Ya yi sama, ya girgiza kai, zare ya ce ɗas. Doguwar sanda ce ke lanƙwasawa ta shanye irin wannan fizga, tawa kuwa tana gida bayan ƙofa.

Daga nan na yanke hukunci irin na dattawa: a raba gardama, a sayi mai ƙafa shida, wadda masana ke cewa tana ɗan taɓa ko'ina. Na biya, na zura ta a mota, na rufe ƙofa. Sai na ji ƙas. Yanzu ƙafa biyar da rabi ce, kuma babu kantin da ke sayar da irinta.

Da na shigo gida, uwargida ta dubi hannuna, ta dubi sandunan da ke jingine, ta mayar da tattasanta firji.

"Maigida," in ji ta, "gobe in za ka fita, ka gaya mini da wacce za ka."

Na ce, "Me ya sa?"

Ta ce, "Don in san ko wake zan jiƙa ko taliya zan dafa."