Nuna Mini Shingenka

A Amurka barewa ce ke shiga gidaje ta cinye furannin ado. Mu a Bangi barewa ta daɗe da ƙaura, akuya ta gaje ta, ba ta kuma gaji kunyarta ba. Tun 1975 aka fara jera dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iska. Iska ta ji magana. Akuya har yau ba ta ji ba. Shi ya sa idan rani ya kama, albasar Galmi ta yi kore a garka, ba sai ka tambayi halin mutum ba, dubi shingensa kawai.

Akwai mai aguwa. Ya kafa rassanta, ya jira shekaru har suka haɗe, akuya ta zo ta shinshina farin ruwanta ta juya. Mutum ne mai haƙuri, amma kada ka ci bashinsa, shi ma haka zai jira ka.

Akwai mai ƙaya, wanda da dare yake aikinsa. Rabin shingensa reshen aduwa ne da ya sara a ɓoye don tsoron ƴan gandun daji, rabin kuwa na maƙwabcinsa ne da ya "tashi da iska". Shi ke fara zuwa jaje da safe.

Mai waya ya samo ta wurin wani furoje, ya kewaye garka tsaf, har da kwaɗo. Makullin na aljihunsa, ƙofar tana buɗe.

Sai mai mutum-mutumi. Ya sa wa kara tsohuwar rigarsa da malfa. Kwana biyu awaki suka yi suna girmama baƙon, rana ta uku suka cinye malfar, suka kwanta a inuwarsa.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne ɗan ci-rani da ya dawo daga Abijan ya shuka fure. Tsofaffi suka kewaye shi suna tambaya: "Ɗana, da me ake miyarsa?" Akuya ba ta yi tambaya ba.

Na ƙarshe shi ne mai ƙara. Kullum yana ƙofar mai gari, janye da akuyar da ya kama, yana rantsuwa sai an biya shi jaka biyar. Ranar da aka duba tsagar kunnen dabbar, sai ga shi ta uwargidansa ce. Har yanzu muna jiran ranar biya.